Ranar da Baba Ya Zauna a Kan Kula

Kawunku Hamza ya daɗe yana ba ku labarin nan a karkace. Duk ranar da aka taru ana shan shayi, sai ya kalle ni ta gefen ido ya ce muku, “Ku tambayi uwarku shekarar da ta buɗe kamfanin giya a gidan ladan.” Ku yi dariya, ni kuma in yi murmushi in tashi in shiga kicin. Ban taɓa ba shi amsa ba, don kun san ni da magana a cikin taro. Amma da na ji ɗaya daga cikin jikokina tana tambayar uwarta ko da gaske ne, sai na ga gara in rubuta yadda aka yi tun ina da ido da ƙwaƙwalwa.

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, a wani lungu da mota ba ta shiga. Kakanku, wanda muke kira Baba, tela ne, amma ba da ɗinki aka san shi ba. Shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke ƙarshen lungunmu, tun kafin a haife ni. Ba a biyansa ko sisi. Makullin masallacin yana ɗaure da igiya a aljihun rigarsa, in yana tafiya ana jin ƙararsa yana bugun almakashi. Shi ke buɗewa, shi ke share tabarmi, shi ke kunna lasifika, kuma duk lungun da muryarsa ake tashi. Ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai dai ya ce Uwani. Umma kuma tana sayar da kunu da wani abin sha da ake kira sobiya idan azumi ya kama. Ni ce ƙaramarsu, ina karatun aikin gwaje-gwaje na asibiti a wata makarantar mata, kuma ban san komai a unguwarmu ba sai hanyar motar makaranta. In aka yi baƙi, ina bayan labule da littafi. Maƙwabta da yawa sun san akwai ni, amma ba su san muryata ba.

A wannan shekarar na ci karo da wani babi a littafin ilimin abinci a ɗakin karatun makaranta. Babin yana bayani a kan hatsi idan ya fara tsiro. Wai ƙwayar sha'ir da muke gani busasshiya kamar tsakuwa, da zarar ta sha ruwa ta farka, sai ta fitar da wani sinadari da ke narkar da sitacin cikinta ya koma zaƙi, don ɗan tsiron ya samu abin ci kafin ya yi ganye. Kuma wai in aka busar da ita a daidai wannan lokacin, sinadarin ba ya mutuwa, barci yake yi. In aka ɓarza ta aka zuba mata ruwa mai wani zafi na musamman, sai ya tashi ya ci gaba da aikinsa. Na karanta shafin har na rasa motar komawa gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowace ƙwaya an halicce ta da guzurinta da kuma wuƙar yanka guzurin, duka a cikin abin da bai kai farce ba.

Da na ba Umma labari tana tsintar shinkafa, sai ta ajiye faifan.

“Ai haka Inna take yi a gida,” in ji ta. Mahaifiyarta take nufi, can ƙasar Haɗeja, kafin su taso aikin hajjin da ba su koma ba. “Tsiron dawa take zubawa a kunu, ya yi zaƙi har ya ɗaure harshe. Wa yake da sukari a lokacin? Ni ina yarinya, ban kula da yadda take yi ba. Na gwada sau ɗaya a nan, ya yi tsami na zubar.”

Na fara da ɗan cikin hannu a filas ɗin shayi. Ya ɗan yi zaƙi, kamar wanda aka yi masa alkawarin sukari ba a cika ba. Amma ya isa ya hana ni sukuni. Na ƙudura zan yi na gaske kafin azumi, abin sha na sha'ir zalla, ba sukari ba garin kanti, daga ƙwaya har kofi. Sai maganar kayan aiki ta taso, kuma a nan ne kawunku ya shigo, domin ba ni zuwa kasuwa ni kaɗai, kuma ko na je ba zan iya buɗe baki ba.

Mun fara da kasuwar Bab Makka, wajen masu tukwane. Ni na san abin da nake nema: tukunyar ƙarfe mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa, irin wanda 'yan kasuwa ke kira istil, mai kaurin gindi, don ruwa mai zaƙi saurin kamawa gare shi in gindin tukunya ba shi da kauri. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa gindin da bayan yatsa, ina duba inda aka liƙa hannayen, don ban son in ɗaga tafasasshen ruwa hannu ya ɓalle. Mai shagon, wani dattijo Bahadrame, ya zuba mini ido har ya gaji.

“Ya binti, me za ki dafa ne?”

Na sunkuyar da kai. Yaya Hamza ya amsa a madadina.

“Ruwa, ya ammi. Ƙanwata ta yi karatu mai zurfi, yanzu ta kai matakin dafa ruwa.”

Ni matsakaiciya na zaɓa. Yaya Hamza ya ce atafau sai babba, irin ta masu dafa shinkafar biki, wadda ɗan akuya zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. A ransa ya riga ya ga kwalabe jere a shagunan unguwar Sharafiyya da sunansa a jiki. Na ce ta yi yawa. Ya ce, “Halas, ni zan ɗauka a kaina ko ke?” Da na tuna ruwa yana kumfa in ya tafasa, kuma yana son sarari a sama, sai na yarda. Babbar muka ɗauka, da murhun gas mai faɗin baki da zai iya da ita.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne inda zan jiƙa ɓarzajjen hatsin. Littafin ya ce sinadarin yana aiki ne a ɗan tsukin zafi, tsakanin digiri sittin da biyar zuwa saba'in. In ya yi ƙasa, ya yi kasala, in ya wuce, ya mutu ba dawowa. Kuma ana so zafin ya tsaya a wurin kamar awa guda. A kan wuta ba zai yiwu ba, gindi zai ƙone sama na sanyi. Na yi kwanaki ina tunani, sai wata rana a harami na ga mutane na ɗibar zamzam daga kulolin nan masu famfo a ƙasa. Na ce abin da ya iya tsare sanyi ai zai iya tsare zafi. Muka koma Bab Makka wajen masu kayan alhazai, na zaɓi kula mai ruwan lemo, mai murfin murɗawa. Na sa Yaya Hamza ya roƙi mai shagon ya zuba mata ruwa mu ga ko famfon yana ɗiga. Mutumin ya ce tun da yake sayar da kula ba a taɓa yi wa kularsa jarrabawa ba sai ranar. A layin masu yadi na sayi farin yadi shara-shara irin na rawani, Baba da kansa ya ɗinka mini shi jaka ba tare da ya tambayi ta mece ce ba. Ita za ta riƙe hatsin a cikin kula, ruwan ya tsiyaye ta famfo.

Injin niƙa ma sai da muka yi gardama. Yaya Hamza ya ce a kai wa mai inji a gama a minti ɗaya. Na ce mai inji gari zai mayar da shi, gari kuma toshe yadi zai yi ya zama kamar tuwo. Ana so a fasa ƙwayar ne kawai, ɓawon ya zauna da girmansa, don shi ne matacin farko. Sai muka samo ɗan injin hannu da ake ɗaurawa a bakin tebur, mai dunƙulen da ake sassautawa. Ma'aunin zafi na gilashi kuma a Sharafiyya na saye shi, a shagon kayan asibiti, na gwada shi a ruwan ƙanƙara da tafasasshen ruwa kafin in yarda da shi. Muciya kaɗai ce ban saya ba. Umma ta ba ni tata ta tuwo, ta ce in na ƙona mata ita in nemi wata uwar.

Saura abu ɗaya. Littafin ya ce bayan an tafasa ruwan, a sanyaya shi da gaggawa, don ruwa mai zaƙi in ya daɗe da ɗumi ƙwayoyin cuta suna samun gida. Akwai hoton wani naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ake tsomawa a tukunya, ruwan sanyi na bi ta cikinsa yana kwashe zafin. Na kwafi hoton da fensir, Yaya Hamza ya kai wa wani mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Sharafiyya, ya naɗa mana shi a jikin tukunyar gas. Da na gan shi sai da na riƙe numfashi. Yana ƙyalli kamar abin wuyan amarya, zagaye bisa zagaye, ko'ina daidai. A duk kayan, shi na fi so. Yaya Hamza ya rataya shi a kafaɗa, muka shigo lungu da rana tsaka, kowa na zaune a ƙofar gida.

Abin da ban sani ba, watanni kaɗan kafin nan an kai samame wani gida a lungun bayanmu, inda wasu ke dafa barasa a ɓoye. Duk unguwa ta fito ta ga 'yan sanda suna fitar da jarkoki da naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe, sak irin nawa. An kwashe mutanen gidan, har da maƙwabtan da ba su san hawa ba, don an tarar iƙamarsu, takardar izinin zama, ta mutu. Ni ina bayan labule ranar. Yaya Hamza kuma yana Makka wajen aiki. A idon littafi bututuna na sanyaya ruwa ne, a idon Karantina kuwa abu ɗaya tak ake yi da shi. Ga kuma sha'ir ɗin da na jiƙa na shimfiɗa a saman gida ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, ya fito da fararen saiwoyi, yana wani ƙamshi kamar na kokwamba, daga baya na shanya shi na ɗan soya sama-sama, ƙamshin ya bi tagogin mutane.

Khala Rabi, maƙwabciyarmu ta jikin bango, ita ta fara shigowa. Ta ƙi zama.

“Maman Hamza, ni ba gulma na zo yi ba. Amma 'ya'yana ba su da takarda, kin sani. In aka zo gidanku, gidana za a fara shiga.”

Umma ta rantse mata, ta yi mata bayani iya abin da ta fahimta. Khala Rabi ta ce, “Tayyib,” ta fita, amma ba ta yarda ba. Washegari bayan sallar Isha'i, Alhaji Isa, dattijon da ke kula da al'amuran masallacin, ya riƙe Baba a ƙofa. Baba ya dawo gida, ban ji ƙarar makulli a aljihunsa ba. Da asuba wata murya ce ta tashe mu, ta wani saurayi mai sauri kamar ana korarsa. Na leƙa, na ga Baba zaune a bakin gado da alwalarsa, hannunsa a kan aljihu, yana amsa kiran a hankali. Ya tafi ya yi salla a sahu kamar kowa. Da ya dawo ya kira ni.

“Uwani, zauna. Alhaji ya ce in huta har a gane abin da ake yi a gidana. Ban ga laifinsa ba, mutane yake tsoron a kwashe. Tambaya ɗaya zan yi miki. Akwai haram a abin nan?”

“Babu, Baba.”

“Me ake zubawa?”

“Sha'ir da ruwa. Sai citta da hel ɗin gahawa in an zo tafasawa.”

“Sukarin fa?”

“Ba a sawa. Daga cikin ƙwayar yake fitowa.”

Ya dube ni ya daɗe. Na ga bai gaskata ba, amma kuma bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

“To za ki iya yi a ƙofar gida, a gaban mutane?”

Ku da kuka san ni kun san abin da ya roƙa. Ni da ko gaisuwa sai Umma ta zungure ni. Da ya ce in fasa kayan in zubar da sha'ir ɗin, da ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba, kuma na kusa cewa a yi hakan. Amma na gane in aka zubar a ɓoye, zargin ya tabbata ke nan, makullin kuma ba zai dawo ba. Na ce zan iya. Muryata ko ni ban ji ta sosai ba.

Ranar Alhamis bayan Azahar Yaya Hamza ya fito da komai lungu: tukunya, murhu, kula, inji, har da bututun, Baba ya ce a ajiye shi a fili inda kowa zai gani. Alhaji Isa ya zo da kujerarsa. Khala Rabi ta tsaya a ƙofarta ta harɗe hannu. Mata a tagogi, maza a jingine da bango. Na ja mayafina har goshi, na ce wa kaina ma'aunin zafi kawai zan kalla. Na ɓarza sha'ir ɗin a gabansu, Alhaji ya ɗebi kaɗan ya shinshina ya tauna. Na ɗora ruwa ya ɗan wuce zafin da nake so, don hatsin zai sha wani. Na shimfiɗa jakar yadi a kula, na zuba ruwan, na riƙa zuba ɓarzajjen hatsi ina juyawa da muciyar Umma har ba gudaji. Ma'auni ya tsaya inda nake fata. Sai na ɗiba a cokali na miƙa wa Baba, na miƙa wa Alhaji.

“Lami ne, ba ɗanɗano,” in ji Alhaji. “Kamar ruwan wankin shinkafa.”

Na ɗiga kaɗan a farin faranti, na sa masa ɗigon aidin na wanke ciwo. Nan take ya koma baƙi kamar tawada. Wata mata a taga ta ce, “La ilaha illallahu.” Na ce, da ƙyar, wannan baƙin alamar sitaci ce, in zaƙi ya fito ba zai yi baƙi ba. Na rufe kula na murɗa murfin, na ce sai a jira awa guda.

“A jira a ina?” in ji Khala Rabi. “Kowa ya juya baya a buɗe a zuba abin da za a zuba?”

Sai Baba ya matso. Ya tattara rigarsa ya zauna a kan murfin kular.

Haka ya zauna, mutum mai jiki, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirji, carbi a hannu, zufa na bin gemunsa, rana ta Jidda na dukan lungu. Yaya Hamza ya ce, “Baba, in ƙwan ya ƙyanƙyashe ka kira mu.” Mutane suka fashe da dariya, har Alhaji Isa ya rufe baki da gefen rawani. Baba ya ce, “Kai dai kawo mini inuwa, mara kunya.” Aka riƙe masa lema. Ni kuwa ina tsugune gefe. A filas na taɓa gwadawa, ban taɓa yin mai yawa haka ba. Ina tunanin ko na soya sha'ir ɗin ya wuce, na kashe abin da ke barci a ciki. Ba abin da ake gani, ba ƙara, ba hayaƙi. Kula ce kawai da dattijo a kanta. Amma na san in Allah ya so, a ƙarƙashinsa ƙwayoyi dubbai suna buɗe guzurinsu a cikin duhu.

Da lokaci ya cika Baba ya miƙe yana dafa ƙugu. Na murɗe murfin. Ƙamshin da ya taso ban taɓa jin irinsa ba, kamar burodi mai zafi da zuma, ya cika lungun har waɗanda ke nesa suka matso. Ruwan da na rufe fari-fari mai kauri ya koma garai-garai, kalar shayi. Na ɗiga a faranti, na sa aidin. Ya zauna da kalarsa, ko alamar baƙi babu. Na buɗe famfo na tara a ɗan kofi, na miƙa wa Baba. Ya hura, ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya kalli kofin, ya kalli kular da ya tashi daga kanta, ya taɓa leɓensa da yatsa ya ji yana danƙo.

“Subhanallahi,” ya ce a hankali. “Ni ne a kai. Ba wanda ya taɓa. Alhaji, ni ne a kai!”

Idanunsa sun kawo ruwa. Alhaji Isa ya karɓa ya sha. Aka kai wa Umma a bayan ƙofa, na ji ta ce, “Na Inna ne, wallahi na Inna ne,” sai kuma na ji tana jan hanci. Khala Rabi ta sha ta ce a ƙara mata, don na farkon bai isa ta tantance ba.

Na ɗauka an gama. Sai Alhaji ya ajiye kofin ya nuna bututun da sandarsa.

“Yarinya, na ga ikon Allah, ban musa ba. Amma ki gaya mini gaskiya. Wannan ruwan, in aka so, yana zama giya ko ba ya zama?”

Kowa ya juyo ya kalle ni. Yaya Hamza yana ta ƙifta mini ido. Na san amsar da za ta sa kowa ya watse da murna, na kuma san abin da ke cikin babin da ke bin wanda na karanta.

“Yana zama, Alhaji. In aka sa masa yisti, aka toshe shi a jarka, aka bar shi kwanaki. Ko ba a sa ba, in ya daɗe a ajiye zai fara juyawa da kansa, kamar yadda sobiya take yi. Haka ruwan dabino, haka na inabi.”

“To me ya raba naki da nasu?”

“Ni a tafasa nake tsayawa.”

Alhaji ya kalli Baba. Baba ya goge gemunsa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

“To ku shaida. A gidana ba jarka, ba kwalba, ba abin toshewa. Abin da aka dafa yau, yau za a shanye. Wanda ya rage a zubar, ba zai kwana ba. Wancan ƙarfen kuma, ko na sanyaya ruwa ne, ba zai sake shiga ƙofata ba, don ba kowa zan bi in yi wa bayani ba. Uwani, kin yarda?”

Na kalli bututun yana ƙyalli a rana, ko sau ɗaya ban tsoma shi a tukunya ba. Na ce na yarda. Yaya Hamza ya dafe kai, kwalabensa na Sharafiyya sun tafi. Alhaji Isa ya ɗauki kujerarsa ya wuce sallar La'asar bai mayar da makullin ba, saurayin nan mai sauri ya sake kiran salla.

Na ci gaba da aikina, don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba. Na tsiyaye ruwan a babbar tukunya, na ɗauraye hatsin da wani ruwan zafi na haɗa, na tafasa da citta da hel. Maimakon bututu, Yaya Hamza ya je wajen masu kifi ya ɗauko sandunan ƙanƙara a buhu, muka zaunar da tukunyar a bahon wanki muka kewaye ta da su, ina juyawa har hannuna ya sage. Da ya huce na duba yawansa, sai gabana ya faɗi. Tukunyar kawunku ta cika fiye da rabi. Mu huɗu ne a gida, ko za mu fashe ba za mu shanye ba, kuma an riga an yi alkawari a gaban mutane. Umma ce ta leƙo ta ce, “Yalla, kowa ya kawo kofinsa.” Khala Rabi ta zo da jug.

Rana ta yi ja Alhaji Isa ya dawo. Ya tsaya ya ga layin yara da manya, ya ga ba jarka ko ɗaya. Na zuba masa mai sanyi, ya sha a tsaye har ƙasa. Ya ce wa Yaya Hamza ya kai bututun masallaci, firjin ruwan sha na ƙofa ya daɗe yana neman irinsa. Sannan ya sa hannu a aljihu, na ji ƙarar da na sani, ya zaro makullin.

“Malam, rana ta faɗi. Me kake jira?”

Baba ya karɓa, ya tafi da sauri har takalminsa ɗaya na cirewa. Na tsaya da ludayi a hannu. Da lasifika ta yi ƙara, muryarsa ta fito, sai na ji ta ɗan karye a kabbarar farko, ya ja numfashi ya sake ɗauka, ya ja ta yadda ban taɓa jin ya ja ba. Kafin Isha'i tukunyar ta ƙare ƙarƙaf, Umma ta wanke ta ta kife a ƙofar gida inda kowa zai gani.

Tun daga ranar haka nake yi, shi ya sa ba ku taɓa ganin na sa shi a firji ba, ko kun roƙa. Bai zama sana'a ba, ba zai taɓa zama ba, domin abin da ba ya kwana ba ya zuwa kanti. Baba ya riƙe makullinsa har ƙafafunsa suka gaza. Lungun ma yanzu babu shi. Da aka zo rushe Karantina, aka ba mu wa'adin kwashe kaya, na bar gado na bar kabad, na ɗauki kular. Tana nan a ɗakin ajiya, launinta ya koɗe, famfon na canza shi ban san sau nawa ba. Har yau in na murɗe murfin ƙamshin ya taso, sai na ɗan tsaya kafin in ɗanɗana, don ban saba ba, kuma ba na jin zan saba. In kun ɗauko ta bayan ba ni, za ku ga murfin ya lotsa a tsakiya, ba ya zama daidai sai an danna. Kada wanda ya ce zai sayo sabo. Wurin zaman kakanku ne.